TSORON WASA DA TSORON GASKE

 Ina roƙonka ka karanta wannan 'yar takarda a hankali, gama maganar da ke cikinta ta shafi 'ya'yanka, ta kuwa shafi zuciyarka.

Wata ranar Lahadi, bayan an tashi sujada, wani mutum daga cikin ajin baftisma ya biyo ni har gindin dalbejiyar da ke bakin majami'a. Manomi ne, mai kunya, ba shi da yawan magana. Uwarsa 'yar bori ce, a gidan girka ya tashi, damina ɗaya kaɗai ta wuce tun ranar da ya kawo layunsa da gurayensa ya ƙone su a gaban ikilisiya. Ya gaishe ni, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, yaron nan nawa na fari ya hana mu barci. Kwana goma ke nan ba ya iya fita kewaye da dare. Ya ce wani ɗan tsana na itace yana dubansa daga bayan rumbu." Na ce, "Ina ya ga ɗan tsana?" Ya ce, "Cikin wayar ɗan ƙanena da ya zo hutu daga birni. Wasan yara ne, in ji shi, har dariya su ke yi. Yanzu tsohuwa ta ce a kai shi wurin boka, ta kuwa riga ta karɓo laya. Malam, zunubi ne kallon abin nan? In kuwa ƙarya ce kawai, don me ni ma da na leƙa gabana ya faɗi?"

Ban ba shi amsa a ranar ba. Na nemi abin, na zauna na kalli kashi da dama, gama ba daidai ba ne malami ya yanke shari'a a kan abin da bai gani ba. Ga abin da na iske.

A ƙasar Amurka akwai wani marubuci, sunansa R. L. Stine, an haife shi a jihar Ohayo cikin shekara ta 1943. Da fari sana'arsa rubuta ban dariya ce domin yara. Cikin 1992 ya soma fitar da waɗansu ƙananan littattafai na ban tsoro da a ke kira Goosebumps, ma'anar sunan kuwa tashin tsigar jiki. Kafin ƙarshen 1997 sun kai littafi 62, an kuma juya su cikin harsuna da yawa. Daga 1995 zuwa 1998 aka mai da labarun wasan talabijin, aka ɗauki hotonsu a ƙasar Kanada, kashi 74. Akwai wani wasan irinsa da aka yi a Kanada, wanda ya riga shi fitowa, sunansa Are You Afraid of the Dark?, watau tambaya ce, ko kana tsoron duhu. A cikinsa yara su kan taru cikin kurmi da tsakar dare, su kewaye wuta, ɗayansu ya ba da labari. Cikin 2021 kuma kamfanin Disney ya nuna wani mai suna Just Beyond, kashi 8, shi ma daga rubutun Stine aka samo shi. Dukansu kama ɗaya su ke. Kusan kowane kashi da labarinsa dabam da mutanensa dabam, kamar yadda kowace tatsuniya ta ke tsaye da ƙafarta. Yaro ko yarinya mai shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ya kan gamu da abin al'ajabi, fatalwa, ko dodo, ko wani kaya mai sihiri; a ba mai kallo tsoro kaɗan, a ba shi dariya kaɗan, a sake ba shi tsoro, kamar mai sayar da tsire da ke barbaɗa yaji don a ƙara saye.

To, ko labarin da bai faru ba haram ne ga mai bi? Ni ban ga haka cikin Littafi Mai Tsarki ba. Sa'ad da sarki Dawuda ya yi babban zunubi, annabi Natan ya zo masa da labarin wani matalauci mai 'yar tunkiya guda, da mawadacin da ya ƙwace ta. Da wannan labari Allah ya karya zuciyar sarki, kamar yadda za ka gani cikin Sama'ila ta biyu sura 12. Cikin Littafin Mahukunta sura 9 Yotam ya ba mutanen Shekem labarin itatuwa da suka fita neman sarki, itatuwa suna magana kamar mutane. Ubangijinmu da kansa ya koya wa taro da misalai. Mu ma da tatsuniya aka rene mu. Wane ne cikinmu bai ƙanƙame zanen kakarsa ba sa'ad da Dodo ya tsare bakin rafi, wane ne kuma bai yi dariya ba sa'ad da Gizo ya yi masa wayo? Tsoro da dariya tare muka sha su tun muna ƙanana, ba Turawa suka kawo mana wannan ba. Domin wannan ba zan ɗora maka kayan da Allah bai ɗora ba, in ce duk wanda ya kalli irin wannan wasa ya yi zunubi.

Har ma akwai abin kirki a ciki, kada in ɓoye maka. Labarin da aka fara nunawa, ran 27 ga Oktoba 1995, na wata yarinya ne mai suna Carly Beth, matsoraciya ƙwarai, wadda yara biyu maza suka mai da ita abin wasa, kullum suna razana ta suna dariya. A ƙasarsu akwai wani dare, 31 ga Oktoba, wanda yara su kan rufe fuska su bi gida gida ana ba su alewa, kusan kamar yadda yaran ƙasarmu su ke yin tashe. Uwarta ta shirya mata shigar agwagwa, amma ita ramuwa ta ke so. Ta shiga wani kanti, ta iske waɗansu fuskoki masu muni a ɗakin baya, mai kanti ya hana ta, ta nace har ta fita da guda. Ta sa fuskar, ta razana waɗanda suka razana ta, abin ya yi mata daɗi. Amma muryarta ta sake, halinta ya sake, ta soma mugunta ga waɗanda ba su yi mata kome ba. Da ta zo cirewa, sai ta lalubi wuyanta, ba ta sami inda fuskar aro ta ƙare, fatarta ta soma ba.

Ɗan'uwa, na daɗe ban ga hoton zunubi mai kyau kamar wannan ba. Mutum nawa ne ya ari fushi na dare ɗaya domin ya rama abin da aka yi masa, da gari ya waye fushin ya zama fuskarsa? Ka tuna da kishiyar da ta je wurin boka sau ɗaya tak, wai don a bar ta ta sha ruwa a gidan mijinta, bayan shekara goma ita ce a ke tsoro a unguwa. Zunubi kullum da sunan aro ya ke shigowa. In uba ya zauna da ɗansa, ya nuna masa wannan cikin labarin, bai ɓata yininsa ba.

Amma fa saurara, gama maganar ba ta ƙare nan ba. Ta yaya yarinyar ta kuɓuta? Mai kanti ya gaya mata ba abin da zai cire fuskar sai wata alama ta ƙauna, sau ɗaya kuwa kaɗai za ta yi aiki. Ta nemo wani siffar kanta da uwarta ta gina mata da hannu, sai fuskar ta saki. A ƙarshen labarin kuma ƙanenta ya tsinci fuskar ya sa. Ɗan tsanan nan da ya hana yaron ɗan'uwanmu barci, wanda a ke kira Slappy, shi kuwa ya kan farka sa'ad da wani ya karanta waɗansu kalmomi da ke rubuce a 'yar takarda cikin aljihunsa. A wani labarin, na'urar ɗaukan hoto ce ke jawo masifa ga duk wanda aka ɗauka. Ka lura da kyau. Cikin waɗannan labaru iko yana zaune cikin kaya da cikin kalma. Wanda ya taɓa kayan ya shiga uku, wanda ya san kalmar ko ya sami maganin ya tsira. Magani kuwa na ɗan lokaci ne, mugun abin yana nan yana jira. Ba wanda ya ke addu'a, ba wanda ya ke da Uba a sama. Iyaye ma ba su gaskata yaron, shi kaɗai ya ke fama. Yanzu ka gaya mini, kai da ka fito daga gidan tsafi, wane koyarwa ce wannan? Ba ita ce wadda aka shayar da kai da ita ba? Layar nan ta tsare ka daga maye, turaren nan ya kori iska, amma baɗi sai a sabunta, sai a kawo baƙin bunsuru.

Ban ce masu yin wasan nan suna bautar Shaiɗan ba. Ban san zuciyarsu ba, ƙarya kuwa zunubi ce ko a kan wanda ba ka so. Stine ya sha faɗi cewa ya kan kiyaye labarunsa na yara kada su yi kusa da gaskiya ƙwarai, domin yaro ya sani cikin ransa abin ba zai faru ba. Ya rubuta domin yaran da fatalwa a gare su abin wasa ce ta dare ɗaya a shekara. Ƙarshen nan da mugun abu ke komowa, dabarar kasuwa ce, don ka nemi kashi na gaba. Amma ɗanka ba a can ya tashi ba. Ɗanka ya ji kiɗan garaya a tsakar gida, ya ga mace ta faɗi tana magana da muryar da ba tata ba, ya ji an ce wance mayya ce ta kama kurwar jinjiri. Masu magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga wani abu kuma da na lura da shi ina kallo: dariyar cikin maganar Turanci ta ke, tsoron kuwa cikin hoto da kiɗa. Ɗan birnin da ya ji Turanci ya sha duka biyu, ya yi ta ƙyaƙyata. Yaron ƙauye mai aji biyar bai ji ban dariyar ba. Idon ɗan tsana kaɗai ya gani yana juyawa. An tace masa kunun, aka ba shi dusar.

Tatsuniyar kakanninmu kuma tana da shinge. Da dare a ke yinta, gaskiya ne, amma cikin taro, a bakin wadda ta goye ka. In ta ga ƙaramin ya firgita ƙwarai sai ta sassauta murya, ko ta kashe Dodon da wuri. In ta gama ta ce ƙurunƙus, kowa ya sani an rufe ƙofar ƙarya, a kwanta a ɗakinta. Waya ba ta ganin fuskar yaro. Ba ta sassautawa, ba ta gajiya, in wannan ya ƙare ta miƙo wani, yaron kuwa shi kaɗai ƙarƙashin mayafi.

Manzo Bulus ya gamu da tambaya irin wannan a birnin Korinti. A can a kan yanka dabba ga gumaka, sa'an nan a sayar da naman a kasuwa. Waɗansu masu bi suka ce gunki ba kome ba ne, nama nama ne, suka ci. Bulus ya yarda gunki ba kome ba ne. Amma ya ce ba kowa ke da wannan sani ba: akwai waɗanda suka saba da gunki tun dā, in sun ci naman, zuciyarsu tana ci kamar hadaya, ta ƙazantu. Ya gargaɗi masu sani kada 'yancinsu ya zama dutsen tuntuɓe ga ɗan'uwan da Almasihu ya mutu dominsa, har ya ce shi da kansa gara ya bar nama har abada da ya sa ɗan'uwa ya faɗi. Karanta Korintiyawa ta fari sura 8, ka sa wasan dodanni a inda aka ce nama, za ka ga amsarka. Kai saurayi ɗan makaranta, da aka haife ka cikin gidan masu bi, kana kallo kana dariya, ka kwanta ka yi barci, ban kama ka da laifi ba. Amma in ka miƙa wa ƙanenka wayar, kana jin daɗin ganin idonsa ya fito, sa'an nan ka laɓe bayan rumbu ka yi masa gurnani, kai ne yaran nan biyu da suka tsananta wa Carly Beth, za ka kuwa amsa a gaban Allah. Kai kuma sabon mai bi, wanda tokar layunka ba ta gama hucewa ba, in ka leƙa gabanka ya faɗi, kada ka ji kunya, kada kuma ka ce bari in dinga kallo har in saba. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ka rabu da shi yanzu. Wataƙila wata rana za ka gan shi ka yi murmushi. Wataƙila ba za ka sake nemansa ba. Ba ka yi hasarar kome ba.

Sai dai kada ka tsaya ga gudu. Mutumin da ya bar kallon dodon roba alhali yana tsoron dodon tsamiya bai warke ba tukuna. Bishara ba ta ce mana miyagun ruhohi babu su ba. Cikin Markus sura 5 an ba da labarin wani mutum da ke zaune cikin kaburbura, yana tsinke sarƙa, yana yanka jikinsa da duwatsu, ba mai iya riƙe shi. Yesu bai ƙona turare ba, bai yanka kome ba, bai nemi sunan wani ganye ba. Ya umarta, suka fita, har sai da suka roƙi izninsa kafin su shiga garken aladu. Mutanen gari suka zo suka iske mutumin zaune, da tufa a jikinsa, cikin hankalinsa. Ba a kuwa ce masa ya komo baɗi a sabunta ba. Cikin sura ta gaba almajiran da kansu, manyan maza masunta, suka ga Ubangiji yana tafiya bisa teku da asuba, suka zaci fatalwa ce, suka yi ihu. Bai kore su saboda wannan ba. Ya sanar da su shi ne, ya shiga jirgin, iska ta kwanta. In Bitrus ya yi ihu, yaro mai shekara goma sha biyu ba abin duka ba ne. Kada ka doke shi, kada ka kira shi mace, kada kuma ka ce masa rashin bangaskiya ke damunsa. Ka shiga jirgin tare da shi.

A nan sai in ja kunnenka a kan wani tarko da na ga masu bi da yawa sun faɗa ciki. Sun ƙone laya, amma suna sa Littafi Mai Tsarki ƙarƙashin matashin kai, ba don su karanta ba, don ya tsare su. Waɗansu suna rataya wa jinjiri gicciye a inda dā su ke rataya guru. Waɗansu suna maimaita sunan Yesu sau bakwai a kan ruwa su yayyafa a ɗaki. Tsohuwar fuska ce aka shafa wa sabon fenti. A birnin Afisa 'ya'ya bakwai na wani babban firist Bayahude suka ɗauki sunan Yesu kamar laƙani, ba su san shi ba, suka kira shi a kan wani mai aljan. Mutumin ya fāɗa musu, suka gudu tsirara da raunuka. Bayan wannan masu sihiri da yawa suka kawo littattafansu suka ƙone a gaban jama'a, aka lissafta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Yana cikin Ayyukan Manzanni sura 19. Sunan Ubangiji ba kalmar da ke aljihun ɗan tsana ba ce. Shi mai rai ne, yana ji, ana yi masa magana kamar yadda ɗa ke yi wa ubansa.

Wani zai ce, to, ba gara yara su yi wa dodo dariya ba, da su ji tsoronsa? Akwai gaskiya a ciki. Annabi Iliya ya yi wa annabawan Ba'al ba'a a bisa dutsen Karmel, amma ya yi dariyarsa yana tsaye kusa da bagaden Allah mai rai. Dariyar da na ke tsoro ita ce wadda ke koya wa yaro kiran matattu da karanta tsafi wasa ne mai daɗi, har ya ce bari mu gwada. Kubawar Shari'a sura 18 ta hana duba, da sihiri, da neman shawarar matattu, ba ta kuwa ware na wasa ba. In ka ga yara sun tashi daga kallo sun soma kwaikwayo, sun kunna kyandir suna kiran wani, ka tsai da abin nan take. Ka sani kuma, suna ɗaya ba ya nufin abu ɗaya: cikin 2023 aka fito da wani sabon wasa mai sunan Goosebumps, wanda aka yi domin manyan samari, ya kuwa fi na dā tsanani. Kada ka ce wane ya ce na yara ne. Ka duba da idonka, da rana, kafin ɗanka ya duba.

Ga abin da muka yi da ɗan'uwan nan. Ran Talata da hantsi na je gidansa. Muka zauna a zaure, ni da shi da yaron, na buɗe kashin nan na ɗan tsana, na kashe sautinsa. Ba kiɗa, ba kururuwa, sai wani guntun itace mai jan baki yana kaɗa haɓa. Na fassara masa abin da ɗan tsanan ke faɗi, yawancinsa kuwa baƙar magana ce irin ta Gizo. Na gaya masa mutum ne ke motsa shi daga inda hoto bai kai ba, an kuwa yi wasan tun ubansa yana ƙarami, yaran da ke ciki yanzu sun yi furfura ko sun kusa. Ya yi murmushi, amma bai saki rigar ubansa ba. Sa'an nan muka karanta labarin jirgin nan, na ce ya faɗa wa Yesu da bakinsa abin da ya ke tsoro. Ya ce, "Baba ya faɗa." Uban ya ce, "A'a, kai za ka faɗa, ni ma ina da nawa da zan faɗa." Suka yi addu'a su biyu.

Tun daga daren nan uban ya kan tashi ya raka shi kewaye, su bi ta bayan rumbun da gangan, su tsaya, su haska. Ya gaya mini kwana ukun fari shi ma ƙafarsa tana rawa, gama a gindin rumbun nan ne uwarsa ta kan zuba wa iskoki jini. Wayar kuma a ɗakin uban ta ke kwana. Bayan mako biyu yaron ya soma fita shi kaɗai, da tocila a hannu, yana rera waƙar Lahadi da ƙarfi fiye da yadda dare ke bukata.

Tsohuwar ba ta yarda ba tukuna. Ta ce layarta ce ta yi aiki daga nesa, tana nan kuwa a ƙunshe cikin kwallarta. Ɗanta bai ƙwace ba, bai ɗaga mata murya ba, ya ce mata dai, "Inna, ba za a rataya masa ba." Ran Lahadin da ta wuce ta rako jikan har bakin majami'a, ta zauna a gindin dalbejiya sai da aka tashi.